Shirun Nan Nawa Ne

Litinin, 8 ga Janairu, 2007

Ustaz Fahim ya ɓata mini shayi yau. Muna tsakiyar domino ya zaro wasu takardu daga aljihun kwat, ya gyara tabarau kamar zai karanta wa ɗalibai sakamakon jarrabawa. Tunda 'yarsa ta aiko masa da kwamfuta daga Kuwait ba a sake zama lafiya a gidan shayin nan ba. Wai abin da ake kira bulog. Kowa ya buɗe shafinsa a intanet ya yi ta zuba, ba mai tambayarsa a ina ya ji.

Wata mai kantin magani ce ta rubuta, sunanta Nirmin, sunan shafinta Kunnen Hagu. A kan ƙungiyar makaɗan nan, Nawwa. Na ce masa ya mayar da takardunsa aljihu, shekara talatin ban saurari kiɗan mutanen nan ba, ba yau zan fara ba. Ya ce, "Usta Zaglul, ba maganar kiɗan ba ce, maganar shirun ce." Sai na ajiye ƙwayar dominon.

Ga abin da ta ce. Wai a wasan da suka yi a silimar Lu'ulu'u, Fabrairun 77, wata guda bayan tarzomar burodi, suna tsakiyar waƙar Tiram na Ƙarshe sai suka kashe fitilu da gangan suka yi tsit na sakan goma sha tara. Sha tara, saboda ranar sha tara ga Janairu da aka harbe mutane. Wai cikin duhun wani bawan Allah daga cikin 'yan kallo ya yi ihu, "A ba ni haske!" Wai ihun nan muryar Masar ce baki ɗaya. Mutum saba'in da uku sun yi tsokaci a ƙasa, rabinsu sun ce sun yi kuka.

Muryar Masar. Ashana nake nema.

Laraba, 10 ga Janairu

Bari in rubuta yadda aka yi, ko da rubutuna na barikin soja ne, a can na koya, kuma Fahim ya ce kamar kaza ta bi ta kan tawada.

Ni ne mai haɗa wa Nawwa wutar lantarki shekara takwas, usta guda, wato gwanin sana'a. Ni na ja musu waya tun suna kiɗan rok a bukukuwan auren unguwar Bahari ana jifansu da ɓawon lemo, tun Midhat, mawaƙinsu, bai iya ɗaure wa jita tsirkiya ba. Ranar wasan la'asar ne, ana ruwa da sanyi, silimar ba taga ko ɗaya. Layi ɗaya ne mai ƙarfi a bayan dandamali, a kansa na ɗora lasifika da fitilu duka. Sai na ji ina son shayi. Na jona hita a soket ɗin da ke kusa da ƙafata. Fis ya ƙone. Shi ke nan fa.

Na lalubi allon a duhu, na zaro kaskon fis ɗin, ya ƙona mini babban yatsa. Ba waya a aljihuna. Na yago takardar nan mai ƙyalli ta cikin kwalin sigari, na murɗe ta, ban ga ramin ba, na yi ihu a ba ni haske. Wani ya ƙyasta ashana, na cusa, wuta ta dawo. Sakan goma. Bai kai ba ma.

Da aka tashi Midhat ya tara kowa, har masu sharar silima, ya ɗauki butar shayin ya juye mini a kan takalmi. Ya ce, "Kai ba usta ba ne, jaki ne da filaya." Kafin Juma'a Iskandariyya duka ta ji. Ba ƙungiyar da ta sake kirana. Na koma gyaran fanka da dutsen guga har yau. Girgis mai ganga ne kaɗai ya biyo ni bakin titi, ya dafa kafaɗata. Ya rasu tun 91.

Lokacin da abin kunya ne, nawa ne. Yanzu da ya zama abin alfahari, nasu ne.

Asabar, 13 ga Janairu

Sun manna takarda a bangon tashar Ramla, inda tiram, jirgin cikin gari, ke tsayawa. Wasan ban kwana na Nawwa, 16 ga Fabrairu. Hoton Midhat da gashi baƙi wuluk kamar an shafa masa kwalta, mutumin da ya girme ni da shekara ɗaya. A samansa da manyan baƙaƙe: A BA MU HASKE.

Ko maganar ma bai iya satar ta daidai ba. "Ni" na ce, ba "mu" ba.

Talata, 16 ga Janairu

Fahim ya kawo wata takardar. Wani ɗan bulog ya yi hira da Midhat, ya tambaye shi shirun. Ya amsa wai, "Akwai abin da kiɗa ba ya iya faɗa, sai a bar wa duhu." Kai! Mutumin da a duhun nan na ji yana zagin uwata.

Na gaya wa matata Ummu Sabri. Tana tsintar shinkafa, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Abu Sabri, shekara talatin kana ɓoye maganar butar nan har ga 'ya'yanka, yanzu kuma so kake a buga ta a jarida?" Na ce ƙwarai. Ta ce, "To Allah ya ƙara wa jaki ɗaukaka." Ita kaɗai ke iya faɗar kalmar nan a gabana ta kwana lafiya.

Juma'a, 19 ga Janairu

Bayan masallaci na bi Fahim gidansa. Ya zaunar da ni gaban akwatin, ya ce in faɗa shi ya buga. Na ce rubuta: ku maƙaryata ne duka, shayi ne. Ya ce ba a fara magana haka, sai an yi sallama. Na ce waɗanda ba su da fuska ba su da sallama. Sai da muka yi rabin awa muna ja, ya cire mini zagi uku, ya ƙara mini wata kalmar boko da ban taɓa furtawa ba. A ƙarshe dai ya shiga, da sunana da unguwata da sana'ata.

Na tambaye shi yaushe za su amsa. Ya ce wataƙila kafin in isa gida. Mutane ne marasa aikin yi, na faɗa tun farko.

Lahadi, 21 ga Janairu

Sun amsa. Wani mai suna Kyanwar Kurnish ya ce ni ɗan sandan ciki ne, an turo ni in goge tarihi. Wani mai suna Babu Kowa 84 ya ce, "Kakanmu, sha maganinka ka kwanta." Wata ta ce ko da gaske ne ba ta son ta sani. Ba ɗaya a cikinsu da aka haifa a 77, ba ɗaya da ya sa sunan da ubansa ya raɗa masa.

Ni ɗan sandan ciki! Ni da ko lasisin shagona ban iya karɓowa ba sai da na yi sawu tara.

Alhamis, 25 ga Janairu

Nirmin mai bulog ta zo shago da kanta. Na zaci yarinya ce mai kan wuta, ashe mace ce ta kusa arba'in, da farar rigar aiki a ƙarƙashin kwat, tana warin maganin tari. Ta ce, "Baba Zaglul?" Na ce Usta. Ta ce Usta. Ban ba ta kujera ba sai da ƙafata ta gaji da tsayuwa.

Na ɗauko gwangwanin biskit daga saman kanta. Kaskon fis ɗin yana ciki, da sauran takardar sigarin a maƙale, ta yi baƙi. Na nuna mata tabon yatsana. Ta daɗe tana juya kaskon a hannu.

Ta ce tun tana sakandare take jin Nawwa, a kaset ɗin da wani ɗan kallo ya ɗauka da rikoda mai batir, ana ta kwafa hannu zuwa hannu. Ta ce amma shekarun nan in ta sa su sai ta ji kamar tana cin abincin jiya. Faifansu na bara ko ƙarshensa ba ta kai ba. "Shirun nan kaɗai ya rage mini a wurinsu, Usta. Ga shi ka zo ka ce hita ce."

Na ce ni ban aike ki ki so su ba.

Ta tambaye ni yaushe rabona da jin kaset ɗin. Na ce ban taɓa ji ba, ina wurin aka yi. Ta zaro ɗaya daga jaka ta ajiye a kan tebur. Da ta fita na sa shi a ƙarƙashin ƙafar teburin da ke girgiɗi. Ya yi daidai.

Litinin, 29 ga Janairu

Ta buga. Shayin Usta Zaglul, haka ta sa masa suna. Da hoton kaskon, da hoton yatsana. Fahim ya karanta a gidan shayi da ƙarfi, sau biyu. Mai shayi ya kawo mini kofi ya ce, "Usta, ka sha a hankali, kada gwamnati ta faɗi." An yi dariya, ni ma na yi.

Na dawo gida ta bakin teku, ban hau tiram ba. Na ci tasa biyu ta wake.

Alhamis, 1 ga Fabrairu

Tsokaci ɗari biyu da wani abu. Yanzu kowa ya sani tun da can.

Asabar, 3 ga Fabrairu

Waɗannan mutane ba su da kunya ko ta sisin kwabo. Kyanwar Kurnish ɗin nan da ya ce ni ɗan sanda ne, yau ya buɗe dogon rubutu a shafinsa wai shi bai taɓa yarda da Nawwa ba, kwaikwayon Turawa suke yi da murya irin ta masu tallan kifi. Wata uku da suka wuce shi ne ya ce ya yi kuka, Fahim ya nemo mini wurin ya nuna mini. Babu Kowa 84 ya ce kowa ya zo wasan ban kwana da butar shayi. Wasu sun ce sun mayar da tikitinsu.

Wannan duk ba ruwana. Midhat ya ji a jikinsa.

Amma akwai wani, wai shi Likitan Kunne, ya rubuta cewa mai gangarsu na da yana duka kamar mace na kakkaɓe darduma a baranda. Girgis! Na ce wa Fahim ya sake karantawa. Ya sake. Na ture dominon har ƙwaya biyu suka faɗa ƙarƙashin benci. Fahim ya ce, "Usta, ba kai ka ce kiɗansu hayaniyar maƙera ce ba?" Na ce ni na ɗauki gangunan nan a kaina zuwa hawa na huɗu, ni ke da ikon faɗa. Wannan ɗan me ya ɗauka?

Talata, 6 ga Fabrairu

Midhat ya zo. Ina cikin gyaran wani injin niƙa tumatir na ga inuwa a ƙofa. Kusa da kusa gashin ya fi muni, tushensa fari.

Ya ce, "Ka ji daɗi, Zaglul?"

Na ce sosai.

Ya zauna ba wanda ya ce ya zauna. Ya ce ba shi ya ƙirƙiro maganar ba. Ɗalibai ne suka fara yaɗa ta tun 78, shi ya yi shiru. Daga baya ya fara gyaɗa kai. Daga baya ya ji bakinsa yana faɗa. "Mutum ya kai shekarunmu, aka ce masa ya taɓa yin jarumta sau ɗaya, ka ga zai ce a'a?" Na ce ni an ce mini jaki sau ɗaya, na riƙe shekara talatin, ban ce a'a ba.

Na jira. Kalma ɗaya ce, haƙuri, kowa ya san ta. Sai ya dubi kanta ya ce har yanzu ban iya jera kaya ba.

Da zai fita ya juyo. "Kuma ka daina ce wa mutane sakan goma. Sha tara ne. Makaho ma zai sa fis a sha tara."

Na jefe shi da murfin injin, ban same shi ba. Goma ne.

Laraba, 7 ga Fabrairu

Goma ne. Ina wurin.

Juma'a, 9 ga Fabrairu

Na zaro kaset ɗin daga ƙarƙashin tebur. Don ƙirga kawai. Na rufe shago bayan azahar, na ɗauko tsohuwar rikodar da wani ya kawo gyara tun shekara shida bai dawo ba, na cire agogona na ajiye a gabana. Na so in tsallake zuwa wurin, maɓallin gudun ya lalace, dole na ji daga farko. Dole ce ta sa.

Wutar ta ɗauke. Na bi tsinken agogo. Goma ta wuce ba abin da ya faru. A sha uku na ji wani yaro yana ihu, a ba ni haske. Muryar siririya, a tsorace. Ban gane shi ba da farko.

Sha tara.

Na mayar, na sake. Sha tara. Na ce rikodar ce ke jan kaset a hankali. Na sake na uku, wannan karon na kanga kunne a jikin lasifika, sai na ji wani abu da ba wanda ya rubuta a bulog ɗinsu. Can ƙasa, ƙarƙashin tarin mutane da ƙarar kujeru. Ƙas. Ƙas. Ƙas. Ƙas. Girgis ne. Ya daina dukan fata, yana taɓa bakin ƙarfen gangar da sanda, a hankali, yana riƙe musu lissafi a duhu. Bai san wutar za ta dawo ba. Ba wanda ya sani, ni ma da nake riƙe da fis ɗin ban sani ba. Da ta dawo, su huɗu suka faɗo a kan bugu ɗaya, daidai inda waƙar za ta kasance da ba a tsaya ba. Ko gashi bai shiga tsakani ba. Silimar ta tashi da ihu.

Ni a lokacin ina bayan allo ina tsotsar yatsa. Ban ji ba. Shekara talatin ban san an yi wannan ba.

Ummu Sabri ta ce me ya sami idona. Na ce hayaƙin dalma.

Lahadi, 11 ga Fabrairu

Na koma gidan Fahim. Na ce yau ba zai cire mini ko wasali ba. Ya ɗaga hannu sama.

Na ce rubuta: Ku masu kunnen katako. Da kuka yi kuka, a kan ƙarya kuka yi. Da kuka yi dariya, a kan rabin gaskiya kuka yi. Shirun nawa ne, na karɓi abina. Amma dawowar ba tawa ba ce. Ku sa kaset ɗin, ku rufe bakinku na sakan sha tara in za ku iya, ku saurari mai kakkaɓar darduma.

Fahim ya tsaya. Ya ce, "Sha tara, Usta?" Na ce buga abin da aka ce maka, malamin makaranta.

Laraba, 14 ga Fabrairu

Nirmin ta aiko da saƙo ta hannun Fahim. Wai ta saurara da abin sawa a kunne, ta ji sandan. Wai sau ɗari ta ji kaset ɗin a rayuwarta, tana jiran ihun, ba ta taɓa jin abin da ke ƙarƙashinsa ba. Wai ta sa shi jiya a kantin har wata tsohuwa mai karɓar maganin hawan jini ta yi mata faɗa. Likitan Kunne ya goge rubutunsa. Kyanwar Kurnish ya ce shi dama ya daɗe da lura da sandan. Allah ya isa tsakanina da wannan kyanwa.

Ba zan je wasan ba. Na gaya wa Ummu Sabri, ta ce ba ta tambaye ni ba.

Asabar, 17 ga Fabrairu

Wayoyin wutarsu na je dubawa jiya. Na ji an ce wani kamfani suka ɗauka, na san irin aikin kamfani. Na isa tun la'asar da tastar gwada wuta a aljihu. Kamar yadda na zata, sun ɗora firijin ruwan sanyi a layin lasifika. Na cire, na yi wa mai kula da wurin tas. Tunda na riga na shiga sai na tsaya a jikin allon, kada wani ya mayar.

Zauren bai cika ba. Na ƙirga butoci shida a hannun 'yan bulog, suna kaɗa su. Muryar Midhat ta tafi, rabi yake rerawa jama'a na ƙarasa masa.

Da suka zo Tiram na Ƙarshe ya tsayar da kiɗan ya kama makirfo. Ya ce, "Shirun da za ku ji yanzu ba ni na yi shi ba. Aikin Usta Zaglul ne, ga shi can bayan allo, ku riƙe masa butocinku kada ya gani." Suka juyo suna tafi. Bai ce yi haƙuri ba. Na lura, kuma na rubuta.

Aka kashe fitilu. Sabon mai gangar ya naɗe hannu, ba wanda ya gaya masa akwai aiki a wurin. Ba mai riƙe lissafi. To ba a barin abu haka. Tastar tana hannuna, murfin allon ƙarfe ne. Ban buga da ƙarfi ba.

Sun dawo a makare da rabin bugu. Girgis ba zai yarda da wannan ba.

Yau da safe Ummu Sabri ta ce tun asuba wani abu ke gunji a gidan nan. Na ce firiji ne, zan duba. Ta ce firijin ya iya Tiram na Ƙarshe.

Na sayo batir huɗu a hanyar shago. Na tocila ne, ba na rikoda ba.